Rakiya Har Gwaram

Shekarar da aka yanke mana Jigawa daga jikin Kano, malamai da yawa suka tattara nasu ya nasu suka koma inda aka binne cibiyarsu. Makarantar 'yan matan da nake koyarwa a bayan garin Birnin Kudu ta wayi gari ba malamin kimiyya ko na rantsuwa. Ni Hausa nake koyarwa, da ban damu ba, sai dai akwai ƙanwata da na riƙe tun rasuwar mahaifiyarmu. Ita ba ta da zance sai aikin jinya, kuma ba a shiga makarantar jinya da karin magana.

An taɓa kawo mana wani bature ɗan sa-kai, ko zango ɗaya bai cika ba ya ɗaure jakarsa. Da aka ce ga wata baturiya malamar kimiyya nan tafe, ita ma don ra'ayin kanta za ta zo, sai shugabar makaranta ta kira ni ofis. Hajiya mace ce da ba ta maimaita magana.

"Gidanki ne a manne da nata," in ji ta. "Amana na ba ki. Wancan hayaniya ce ta kore shi, Turawa ba sa son damu. Kada yaro ya leƙa, kada a yi daka kusa, kada a shiga mata sai da dalili."

Ni kuwa in aka ba ni aiki ba na yi masa riƙon sakainar kashi. Na mayar da turmina can ƙarshen gida kusa da bayi. Yaran unguwar malamai na kafa musu doka, wanda ya gan ta ya kauce. Ina da wani zakara mai taurin kai da ke hawa dangar da ta raba mu yana cara, na yi masa kashedi bai ji ba, ranar Juma'a ya shiga miya.

Ta iso, siririya, da hular kaba da jaka a baya kamar mai tafiya farauta. A aji ba ta da makusa, ƙanwata kullum sai ta dawo da labarin abin da aka ƙona ko aka narkar. Amma da azahar ake tashi, daga nan kuma har magariba Allah ne kaɗai ya san yadda za ta yi da ranar. Wutar lantarki sai ta ga dama take leƙo mu. Akwai wata 'yar ɓula a jikin zanan dangarmu, ba leƙe nake yi ba, amana nake dubawa. Na ga ta karanta littattafanta har bangonsu ya rabu da su. Na ga ta ɗauki gwangwanin madara tana karanta rubutun jikinsa a tsanake, ta juya ta sake farowa. Ta share tsakar gida, ta zauna, ta tashi ta sake share inda ta share. Kayan da ta wanke jiya ta kuma jiƙa su yau. Daga baya ta samu wani jan gwada da ke shan hantsi a kan katangar bayinta, ta riƙa yi masa magana da Turanci yana gyaɗa mata kai. Da na tsokane ta na ce ashe ta yi miji ba a gayyace mu ba, sai sunan ya bi shi, ita ma Maigida take ce masa.

Duk ranar Litinin nakan kai wa Hajiya rahoto cewa baƙuwa tana cikin kwanciyar hankali, ko tari ba a ji daga gidanta.

Wata rana na aika mata da dambun zogale, ta dawo da kwanon da kanta. Lokacin ta fara tsintar Hausa, Yaya take ce mini, ni ina ce mata Malama. Da za ta tafi na yafa mayafi na bi ta zuwa ƙofar gida da 'yan taku kaɗan. Ta tsaya tana dubana.

"Yaya, ina za ki?"

Na ce ba inda za ni, rakiya ce. Na yi mata bayani cewa a wurinmu ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai kamar wanda aka kora, ana taka masa. Idonta ya yi wani haske da ban taɓa gani ba. Ban tsaya gaya mata cewa in baƙo ya ce "koma haka nan, na gode" sai a juya ba. Wa ake koya wa wannan? Ko ɗan yaye ya sani.

Ai kuwa na ɓallo mana ruwa. Bafulatanar da ke kawo mata nono ita ta fara ɗanɗanawa, sai da ta raka ta har ruga. Wata mai ƙwan zabo daga Kangire ta yi ta cewa "ki koma, ki koma" har muryarta ta dishe, Malama na biye da ita tana murmushi, sai la'asar sakaliya ta dawo fuskarta ja wur kamar an shafa mata manja. Sufeton makarantu da ya shiga gaishe ta, da ƙyar direbansa ya ɓamɓare hannunta daga murfin mota. Ni kuwa tsakanin ƙofata da tata bai fi tsawon tabarma uku ba, amma in na shiga wurinta sai ta rako ni har bakin gadona. To ta zama baƙuwata ke nan, dole in taka mata. In mun isa ƙofarta ta juyo ta biyo ni. Ranar nan muna ta safa da marwa har maigidana ya yi gyaran murya daga kan buzunsa.

"Ku dai ku zauna ku yanke shawara, a cikinku wace ce baƙuwar."

Ana cikin haka Inna ta zo, wato mahaifiyar maigidana, daga ƙauyensu na ƙasar Gwaram, gaba da Sara kaɗan. Ta zo da kuka da daddawa da bakinta. Na gaya mata dokar Hajiya, ta ce ita ba a makarantar take karatu ba. Kafin in sauke tukunya ta shige gidan Malama ba ko jiran amsar sallama. Wuni guda suka yi, Inna na ba ta labarin rikicin gonar gado, ita tana amsawa da "to, madalla" a duk inda ta ga an tsaya numfashi.

Ranar Juma'a bayan an tashi daga makaranta Inna ta yi haramar komawa. Malam maigidana yana masallaci, ni hannuna cikin ƙullu, sai Malama ta ɗauki ƙunshin Inna ta ce za ta taka mata. Na ce to, iyakarta dai tasha.

Washegari da hantsi kwaɗo na nan rataye a ƙofarta. Kafin in gama tunanin ƙaryar da zan yi, labari ya kai wa Hajiya. Ta zo har gida, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya a tsakar gida ko zama ta ƙi.

"Ta gudu. Amanar da na ba ki ke nan."

Ƙanwata ta shige ɗaki ta kifa kai a kan littafin kimiyyarta tana kuka. Wannan kukan shi ya fi ƙona mini rai, don na san abin da take gani yana sulluɓe mata. Na figi mayafi na yi tasha. Ban ma gama tambaya ba 'yan kamasho suka haɗa baki, wai baturiya ai motar Gwaram ta shiga jiya ita da wata tsohuwa, da kazar tsohuwar a kan cinyarta.

Duk tsawon hanya ina tsara faɗan da zan yi, rabi da Hausa rabi da Turanci don kada ko kalma ɗaya ta ɓace mata. Na sauka na shiga gidan Inna ko ruwa ban nema ba. Ga Malama a kan tabarma tsakiyar mata, an ɗaura mata zanin Inna, ƙafafunta ƙunshe cikin lalle, wata 'yar jaririya na barci a jikinta, ana ɓarar gyaɗa. Rabin abin da take ɓarewa cikin ɓawo take zubawa, matan na ta yi mata tsiya. Dariya take yi har da hawaye. Wata da watanni muna danga ɗaya, ban taɓa jin dariyarta ba sai ranar.

Duk da haka na sauke abin da na ɗauko. Na ce, "Malama, rakiya ba ƙaura ba ce. In an ce ki koma, komawa ake yi. Kin ɗaga wa gari guda hankali."

Ta sunkuyar da kai, ta yi ta juya ƙwayar gyaɗa a tafin hannunta. Can ta ce, da 'yar Hausarta mai ɗingishi, "Yaya, na sani. Ina ji suna cewa koma. Ina yi kamar ban ji ba."

"Don me?"

"In na koma, babu kowa. Sai Maigida." Ta ɗago ta dube ni. "Yara suna gudu in sun gan ni. Mata suna yin shiru. Ko zakara ya daina zuwa. Na ce ba ku so na. In an yi hutu zan tafi gida."

Tausayinta ya kama ni. Sannan takaici ya biyo baya. Zakarana mai jan wuya, ashe a banza ya mutu.

Da za mu taho Inna ta rako mu bakin titi. Da ta juya, na ga ƙafar Malama ta fara bin bayanta, na damƙe wuyan hannunta ban sake ba sai da mota ta tashi.

Muna isa gida na ɗauki wuƙa na faɗaɗa ɓular nan ta danga har ta zama ƙofa. Na mirgino turmina na kafa shi a ƙarƙashin tagarta. Na tara yaran unguwa na ce doka ta faɗi. Mai kitso ta mayar da zamanta can, 'yan adashi ma can, har wasu maƙwabtanmu biyu da ba sa ga maciji suka koma yin faɗansu a tsakar gidanta don ya fi inuwa. Hajiya ta kira ni ofis ta ce me take ji haka. Na ce, "Ranki ya daɗe, mun gwada shiru ya kai ta Gwaram. A bar ni in gwada hayaniya, in ta gudu a kore ni." Ta kalle ni ta saman gilashinta, sannan ta ce in rufe mata ƙofa in na fita.

Ba a rufa wata ba Malama ta same ni da ƙyalle ɗaure a goshi, wai ko za a ɗan rage dakan asuba. Na ce mata wannan kasuwar ta riga ta ci. Hutu ya zo ya wuce, jakarta na nan a kan ƙusa tana tara yanar gizo. Ta cika wa'adinta cif. Ƙanwata ta ci jarrabawa, yau in ka je asibiti ka ji wata ma'aikaciyar jinya na yi wa majinyaci faɗa da irin muryata, ita ce.

Ranar da za ta tafi, makaranta kaf ta rako ta tasha. Aka yi sallama, aka yafi juna, kowa ya juya. Ni na ce wa Malam zan ɗan taka mata zuwa bakin gari, na shiga motar. Muka wuce bakin gari. Muka haye gadar Wudil. A filin jirgin sama na Kano, wurin wata ƙofa da ba a barin mai rakiya ya wuce, ta ajiye jakarta ta riƙe hannuwana biyu. Hausarta ta miƙe sarai a lokacin.

"Yaya, ki koma haka nan. Na gode. A gaida gida."

Na yi kamar ban ji ba. Sai da mai gadin ƙofar ya sa hannu ya tare ni.

Na dawo Birnin Kudu da la'asar. Ban shiga ɗakina ba, na bi ta ƙofar danga. Ba kowa a tsakar gidan, turmina na nan a ƙarƙashin taga, an rufe tagar. Kewarta ta kama ni, na zauna a kan turmin na rasa abin da zan yi da sauran ranar. Jan gwadan nan yana kan katanga inda ya saba.

Na ce, "Maigida, sannu da gida. Na kai ta lafiya."

Ya gyaɗa mini kai.