Awarwaron Auta

Ni ce auta a ɗakinmu, kuma ba zan ɓoye ba, an shagwaɓa ni har na so in lalace. Yayata kuwa ita ce 'yar fari, wadda Inna ba ta taɓa kama sunanta ba saboda kunya. In za ta aike ta, sai ta kalli bango ta ce, "A gaya wa waccan ta duba tukunya." Haka muka tashi a gidanmu na Kwaciri, ba mai ganin laifin kowa, al'ada ce.

Da ciwon suga ya cinye idon Inna, Yaya ce ta tattaro kayanta ta dawo jinya. Ita ce wanka, ita ce wanki, ita ce fitar da fo. Ni sai dai in dawo da yamma daga makarantar da nake koyarwa, awarwarona na ƙara, Inna ta washe baki ta ce, "Autata ta zo!" Yaya tana gefe tana matse tsumma.

Ina da jarabar tsofaffin finafinan Turawa. Akwai wani dattijo Ibo mai gyaran talabijin a Sabon Gari da yake ajiye min faifai. Wata Asabar ya miƙo min wani ya ce, "Malama, wannan babu jini, babu dodo, amma yau ba za ki ci tuwo ba." Na ce, "Haba Oga, ni za ka tsorata?"

Bayan azahar aka kawo wuta, na kunna a falo. Inna na barci a ɗakinta. Yaya ta shigo da tiren shinkafa tana tsincewa, ta zauna a ƙasa.

Fim ne marar kala. Uwa makauniya da 'ya'yanta mata biyu a wani tsohon gidan bene, kuma ƙaramar ce 'yar lele. Sannu a hankali babbar ta fara koyon takun ƙanwarta, sai tarinta, sai dariyarta, tana gwadawa ita kaɗai a gaban madubi. Wallahi wanda ya shirya fim ɗin nan ya san aikinsa. Babu ihu, babu kiɗan razanarwa, sai dai ya ajiye miki fuskar mutum ya ƙi ɗaukewa har ki fara jin numfashinki. Da babbar ta kulle ƙanwar a ɗakin ajiya, ta je wa uwar da muryar aro, uwar ta shafa kanta, sai fuskarta ta cika allon tana murmushi, ga bugun ƙofa ana jiyowa can ƙasa. Na rasa wadda zan ji wa tausayi da wadda zan ji tsoro.

Na saci kallon Yaya. Hannunta ya tsaya cak a cikin shinkafa.

Na miƙe na ce, "Kai, wannan shirme ne, bari in kashe."

"Bar shi," ta ce, ko kallona ba ta yi ba.

Da aka gama ta ɗauki tirenta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ta yi wauta. Ai ba sai ta kulle ta ba."

Dattijon nan ya yi gaskiya, ranar ban ci tuwo ba.

Ba a jima ba awarwarona ya ɓata. A bakin famfo na cire zan wanke kaina, na dawo babu shi. Na tambayi Yaya, ta ce ba ta gani ba. Na ɗaga murya, na zazzage gidan, ta ci gaba da shanya zannuwan Inna kamar ba da ita nake ba. Tun daga nan na daina juya mata baya a kicin. Ɗaki nakan shiga in sa sakata da rana tsaka, ni da 'yar'uwata uwa ɗaya uba ɗaya!

Wata rana aka tashe mu daga makaranta da wuri, na iso gida kafin la'asar. Ina shigowa tsakar gida na jiyo ƙarar awarwarona a ɗakin Inna. Na laɓaɓa na ɗaga gefen labule.

Yaya ce durƙushe a gaban gado, awarwarona a hannunta. Ba ta magana, sai dai ta ɗan girgiza hannun. Inna ta riƙe tafinta tana shafawa tana cewa, "Sannu Autata. Kin gaji ko? Allah ya yi miki albarka."

Raina ya ɓaci. Makauniya za a yaudara? Har na buɗe baki zan ce, "Inna, ba ni ba ce," sai Inna ta ci gaba.

"Ranar da na haife ki a gidan iyayena, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ina yarinya, ba halin in ɗauke ki a gaban mutane. Sai in jira kowa ya fita, in janyo ƙafarki in ɗora a kumatuna."

Ni a asibiti aka haife ni, da tsakiyar bazara, kuma Inna ba ta mance irin wannan. Haihuwar fari ce ake zuwa gidan iyaye.

Yaya ta kifa kanta a gefen katifa, kafaɗunta na rawa, ta danne bakinta kada muryarta ta fito. Inna ta juyo fuskarta wajen labule, domin kunnenta ba ya barin ko motsin ƙadangare. Ta ce, "Wanda ke bakin ƙofa ya koma. Magana nake da autata."

Na saki labulen na koma tsakar gida na zauna a dandamali. Kishi ya turnuƙe ni, ni da aka kora na ɗan lokaci kawai. Yaya kuwa tun da aka haife ta a nan waje take zaune.