Inda Muka Tsaya da Malam Garba

Ranar Talata da hantsi, saura kwana goma sha biyu a fara duban watan azumi, ina kan keken ɗinki a shagona na Gwarzo, sai Nasiru, babban ɗan Malam Garba, ya kira ni a waya. Ko gaisuwa bai iya ƙarasawa ba. Ya ce, "Baba Habu, sai haƙuri. Malam ya cika." Na ɗauke ƙafa daga kan keke, na mayar da al'amari ga Wanda ya ba mu shi ya kuma karɓi abinsa, na rufe shago na hau babur zuwa Lakwaya.

Shekara goma sha tara ina ja wa Malam baƙi. Kowane azumi, bayan la'asar, a ƙofar masallacin unguwarsu, ni in karanto aya, shi ya fassara wa jama'a. Masu ta'aziyya suna ta cewa mai ilimi ne, kuma gaskiya suka faɗa. Suna cewa shi yake share wurin karatu da hannunsa, kuma bai taɓa barin baƙo ya sha ruwa a hanya ba. Wannan ma na gani da idona. Amma ni shaidar da zan bayar daban ce: shi ya hana ni gudu ranar da na ƙudura guduwa.

Akwai shekarar da Allah ya buɗe mini murya da zuciya tare. In na ja aya hawaye yakan zo da kansa, dattawa su sunkuyar da kai. Samari suka riƙa ɗauka a waya suna turawa, har daga Kabo ake zuwa ɗaukata buɗe walima. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Gani nake na iso, sauran mutane ne ke hanya. Wata rana muna naɗe tabarma Malam ya dube ni ya ce, "Alaramman waya, damina ce ta sauka a gonarka. Yi shuka, kada ka tsaya kallon ruwa." Na yi dariya, maganar ta bi ta bayan kunnena.

Bayan shekara biyu abin ya ɗauke. Ba mutuwa aka yi mini ba, ba asara na yi ba, haka kawai na wayi gari zuciyata ta bushe. Ina jan aya kamar ina karanto awon riga, tashi sallar asuba ya zama mini aiki. Ga jama'a sun saba, kukan suke jira. Ranar sha bakwai ga azumi muka iso ayoyin da ke maganar hisabi, sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na karyar da murya da gangan, na ƙaƙalo shessheƙa. Nan take wuri ya ɗauka, wani tsoho har da salati. Malam bai fassara ba. Sai ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Habu, maimaita. Da muryarka ta gida."

Washegari da safe na same shi a lambunsa na bayan gari yana jan ruwa yana ba albasa. Muka gaisa, ya tambayi iyali da ƙishirwa, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi. Na ce, "Allah gafarta Malam, na zo ne in ce a nemi wani. Abin da ke bakina babu shi a zuciyata. Ina tsoron munafunci."

Bai ajiye guga ba. Ya ce, "Jiya kam ka yi ƙarya, kada ka ƙara. Amma bushewa ba ƙarya ba ce. Ni da kake gani, tun kafin ka zo, na yi azumi uku ina tafsiri ban ji komai a nan ba." Ya dafa ƙirjinsa.

Na ce, "To me kuka yi, Malam?"

"Zuwa na yi ta yi ina zama. Duba igiyar nan." Na duba, ƙulli uku ne a jikinta. Ya ce, "Kowace bazara ruwa yakan ja baya. Ka taɓa ganin wanda ya cike rijiyarsa saboda haka? Igiya ake ƙarawa. Shekarar da kake kuka, daɗin da kake ji ne ke kawo ka. Bana ne za a san don wa kake yi. In la'asar ta yi ina jiranka."

Na je. Ba zan ce daga ranar zuciyata ta cika ta tumbatsa ba. Duk wanda ya ce muku haka imani yake, bai daɗe a hanya ba. Wani azumin ruwa ya taso har baki, wani kuma sai da ƙarin igiya. Abin da ya canza shi ne na daina auna kaina da hawaye, na kuma daina raina mutumin da ke sahun baya yana gyangyaɗi, don ban san da tsawon igiyar da ya zo ba.

Bara jiki ya fara ƙi masa. Sau biyu na ja aya ma'anar ta kuɓuce masa a gaban jama'a. Da wani ne, kewaye-kewaye zai yi ya rufe. Shi cewa ya yi, "Ta ɓace mini. Nasiru, miƙo igiya." Ɗansa ya ɗora daga nan. Ranar rufewa ya tsinci wani jan zare da ya maƙale a rigata, kun san tela ba ya rabuwa da zare, ya sa a littafin tafsiri, a shafin da muka tsaya. Ya ce, "Daga nan za mu tashi baɗi in da rai. In babu, daga nan za ku tashi."

Ranar sadakar uku Nasiru ya ja ni zaure ya buɗe littafin, zaren yana nan. Ya ce, "Baba Habu, ni ban kai ba. Ko mu bari sai baɗi?" Gaskiyar magana, tun da ya kira ni ban zubar da hawaye ba, har a bakin kabari. Ina son Malam fiye da yadda baki zai iya faɗa, amma zuciyata ta sake bushewa. Da a da ne, da na ɗauki wannan alamar in janye. Na ce masa, "Ranar ɗaya ga wata ka share wuri ka shimfiɗa tabarma. Ni zan ja, kai ka fassara. Inda muka gaza, mu ƙara igiya."

Allah ya jiƙan Malam Garba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Ya karɓi shekarun da ya yi yana jin daɗin ibada, ya karɓi ukun nan da ya yi a bushe bai tashi ba, ya shayar da shi daga Alkausara. Allah ya ba matarsa Inna Hajara da Nasiru da ƙannensa haƙuri, ya raya abin da ya bari. Mu kuma, in tamu ta zo, da hawaye ko babu, Allah ya sa ta same mu a kan tabarma.