Rijiyata a Filin Wani

Shekarun baya, ina ji da ƙuruciya, na ƙudurta yin garka, wato lambu, a kwarin Tarka. Ba ni da fili, sai wani dattijo abokin mahaifina ya ce in haƙa rijiya a nasa, in noma albasa rani goma, daga nan rijiya ta zama tasa. Da baki muka yi, muka shafa fatiha gaban limamin ƙauyenmu da wani makiyayi Ba'abzine da hanya ta biyo da shi.

Ana cikin rani na uku dattijon ya rasu, liman kuwa ya riga shi. Babban ɗansa ya dawo daga Agadas, ya tarar da ni ina ban ruwa.

"Ina takarda?" in ji shi. "In babu, kada ka ƙara taɓa gugan nan."

Na zura babbar rigata, sai wurin jandarma a Belbeji, ina huci. Jandarman ya saurare ni tsaf.

"An buge ka? An yi maka sata?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To ba tamu ba ce. Ka fara da maigari, in ta gagara sai sarki, in ta ƙi can sai jastis, wato kotu."

Haka na dawo da kunya wurin maigarin da na tsallake. Sulhu ya ƙi, ya tura mu fada. Sarki ya ce alkawarin baki ma alkawari ne, in akwai shaida. Ni kuwa ko sunan makiyayin ban sani ba. Mahaifiyata ce ta riƙa bin Abzinawa masu sayar da cuku ranar kasuwa tana ba da sallahu a nemo shi, albasata na can tana yaushi.

Na riga na fid da rai, sai ga makiyayin bisa raƙumi, ya baro dabbobinsa can arewa. Muka nufi fada.

"Allah ya ja zamanin sarki, da kunnena na ji," ya ce. "Rani goma."

Ɗan marigayin ya sunkuyar da kai. "Ban san haka Baba ya yi ba. Ka yafe ni, ɗan'uwa." Nan take aka rubuta, sarki ya buga hatimi.

Tun daga nan na san kowace magana da ƙofar da ake fara kai ta, kuma ba na ƙulla harka sai da rubutu da shaidu. Makiyayin nan ban sake ganinsa ba. Amma ban taɓa idar da sallah na manta da shi a addu'a ba.