Sanƙon da Ya Kai Ni Zariya

Asabar: Suleja zuwa Zuba

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ina idar da salla, na ɗauki 'yar jakata na danna hula har gira na fito. Na ce wa matata Rukayya aikin ofis ne ya taso a Zariya. Ƙarya na yi, kuma tunda na zauna ba da labarin tafiyar nan, gara in fara da ita.

Sanƙo ne ya tashe ni. Sati biyu kafin nan wani abokin aiki ya ɗauke mu hoto ta baya muna alwala, ya turo mini yana dariya. Sai ga tsakiyar kaina tana ƙyalli, faɗin murfin kofi. Shekarata arba'in da ɗaya. Tun ranar ban sake cire hula gaban mutum ba, har a cikin gida, a tsakiyar bazara. Na tuna da Baba Ilu, wanzamin gidanmu a Limancin Kona cikin birnin Zariya, na ce in dai akwai magani to yana cikin zabirarsa.

Ga dalilin ɓoyewar. Wata biyar da suka wuce Rukayya ta haihu, gashinta ya kama zuba, in ta taje kai sai matajin ya cika. Sau biyu ta roƙe ni in je unguwar Kusfa, can Zariya, in karɓo mata haɗin da Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, take yi wa masu jego. Na ce wa zai yi tafiyar sama da kilomita ɗari biyu saboda gashi? Har na ƙara da cewa ai ɗankwali ya rufa asiri. Ba ta sake ɗaga zancen ba. To da wane baki zan faɗa mata abin da zai kai ni yanzu?

Zuba zuwa Kaduna

Mota ta cika shida da minti ashirin, naira dubu takwas kowa, huɗu a baya biyu a gaba. Direban wani ƙato ne mai fara'a, kansa tal kamar bayan ƙwarya, ko hula bai damu da ita ba. Haushinsa ya kama ni ba gaira ba dalili.

Mun wuce Tafa da Jere lami lafiya. Kusa da Katari aka tsayar da mu a shinge, aka ce kowa ya sauko za a duba kaya. Ina sunkuyawa zan fita, saman ƙofa ya tunkuɗe hular, ta gangara ƙarƙashin mota. Direba ne ya durƙusa ya zaro ta, ya kaɗe, ya dubi kaina kafin ya miƙo.

“Malam, ashe ɗan ƙungiyarmu ne. Kada ka damu, arziki ne ke share fili kafin ya sauka.”

Na ce Allah ya sa. Wata Hajiya da ke kusa da ni ta ja mayafi ta rufe baki. Daga nan har Kaduna tagar mota nake kallo.

Kawo zuwa Ɗan Magaji

Tara da kwata muka sauka a Kawo. Na ci waina shida da miyar taushe a tsaye, na kora da shayi. Rukayya ta bugo tana tambaya ko na karya, ta ce Allah ya ba da sa'ar aikin. Na amsa da amin, na yi sauri na kashe wayar.

Motar Zariya naira dubu uku ce. Mararrabar Jos, Birnin Yero, Jaji, kilomita tamanin ba tsayawa sai sau ɗaya da aka sauke wani mai buhun barkono. Sha ɗaya saura minti goma na sauka a Ɗan Magaji, na hau keke mai ƙafa uku zuwa Ƙofar Doka.

Limancin Kona

Daga ƙofa na bi lunguna da ƙafa don kada in gifta ta Kusfa. Wautata ke nan. Na manta birnin Zariya ba a shigarsa a ɓoye. Kafin in kai zauren Baba Ilu mutum uku sun gaishe ni da sunan mahaifina, ɗaya ma a kan babur, kuma ta wajen Kusfa ya nufa.

Baba Ilu ya haura saba'in, shi ya yi mini askin suna. Na zauna ina ta gaisuwar da ba ta ƙarewa har mutum biyun da na tarar suka tashi. Sannan na yi ƙasa da murya na faɗi abin da ya kawo ni.

“Cire,” in ji shi. Ya juya kaina wajen haske da yatsu biyu. “Wannan ba makero ba ne, makero da ɓawo yake zuwa. Ba amosani ba ne. Ka yi doguwar jinya kwanan nan?”

“A'a, Baba.”

“To gado ne, ɗan Malam. Shekara talatin ina aske ubanka, a daidai nan nasa ya fara. Kakanka kuwa rawani ne ya rufa masa asiri, ni da ubana kaɗai muka sani.”

Na tambaye shi man darbejiya, da habbatus sauda, da ruwan albasa da na ji ana yabo.

“Shafa abinka, fatar kai za ta ji daɗi. Amma in na ce maka zai tsiro, na ci amanar ubanka. Wanda ke dawowa shi ne na jinya, da na jego, da na kitso mai tsauri in an sassauta da wuri. Wannan kuma fagen Asabe ne, ba nawa ba.”

Ya wasa aska ya yi mini tal kwabo, ya ce haka ya fi mutunci da a bar gefe yana yi wa tsakiya dariya.

Kusfa

Ba a shiga birni a fita ba a gaida Gwaggo ba, balle an gan ni. Bayan azahar na yi sallama. Ba ta kiran sunana, don sunan mahaifinta gare ni. Na tarar da ita a tsakar gida da mata huɗu suna tsinke zogale.

“Mai sunan Malam ne? Ku dubi miji, ku 'yan nan. Tun daga Suleja ya taso don maganin matarsa. Naku ko kantin bakin titi ba sa zuwa.”

Matan suka shiga sa mini albarka. Ban taɓa jin yabo ya yi mini nauyi irin na ranar ba. Na sunkuyar da kai, su kuwa suka ɗauka kawaici ne.

Aka kawo fate da rama, abincin da ake tsokanarmu da shi mu Zagezagi. Sai da na ci, matan suka watse, sannan ta kira ni ɗaki.

“Rukayya ta bugo da safe, ta ce aikin ofis ya kawo ka, wai kada in dame ka da zancen magani. Ofis ɗin naku Limancin Kona ya koma ne?”

Ta gyara zama ta ci gaba.

“Na rufa maka asiri a waje don kai ɗana ne. Amma ka san yarinyar nan suna uku ta ƙi zuwa? Mai kitso ta daina kira. Ka san da ɗankwali take kwana?”

Ban sani ba. Ɗaki ɗaya muke kwana, ban sani ba. Wannan ya fi komai ba ni kunya a tafiyar nan.

Ta jawo ƙullin da ta ce ya yi wata guda yana jiran mai ɗauka. Garin ganyen magarya da karkashi na wanke kai, man kaɗanya da aka dafa da hulba na shafawa sau biyu a sati. Ta ce kitso ya zama manya-manya, sako-sako, ban da man kanti mai miƙar da gashi. Rukayya ta riƙa cin zogale da hanta da wake, in kuma kai ta asibiti a duba jininta, don wani zubar gashin ƙarancin jini ne.

“Na jego yana dawowa da yardar Allah. Maganar da ka yaɓa mata ce ban da garinta.”

A ɗakin baƙi na zaure na kwana.

Lahadi: komawa

Bakwai na safe na bar Kusfa da ƙulli a jaka da ƙosai a leda. Kawo tara saura, Zuba sha biyu da rabi. A hanya na tsara magana ta fi kala goma, har da wadda zan bar yabon Gwaggo ya zauna yadda yake. Wa zai tona?

Ɗaya da minti goma na yi sallama a gida. Rukayya na ganin ƙullin ta gane ɗaurin Gwaggo. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa.

“Ashe ka tuna da ni, Malam. Allah ya saka da alheri.”

Nan duk abin da na tsara ya watse. Na ce ta tashi, ban cancanci godiyar nan ba. Na faɗa mata babu wani aikin ofis, sanƙona na je nema wa magani, nata kuwa Gwaggo ce ta ɗora mini. Na roƙi gafararta a kan maganar ɗankwali.

Ta daɗe tana juya ƙullin a hannu.

“Ai shekara biyu ke nan ina ganinsa. Duk sanda na kawo maka abinci ta bayanka nake zuwa.”

“Ba ki taɓa faɗa ba.”

“Na san za ka ji ciwo.”

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Baba Ilu da ya ƙi yi mini ƙarya, da Gwaggo da ta yi ƙarya domina a gaban mutane. Rukayya kuwa ta tashi ta ɗora ruwan wanke kai, ni ina zaune inda ta bar ni, na kasa ɗaga ido.