Golan Kwaleji a Gidana

Kafin korona, sau ɗaya a mako nake jin labarin ƙwallon maigidana, yawanci ranar Lahadi in baƙi sun zo cin tuwo. Da aka sa dokar kulle a Kuala Lumpur, aka rufe jami'ar da yake karatun digiri na uku a Jalan Semarak, sai labarin ya koma kamar maganin asibiti, safe da rana da yamma. Mu biyar ne a ɗan gidanmu na bene a Wangsa Maju, ni da shi da yara uku. Babu inda mutum zai gudu sai banɗaki, can ɗin ma muryarsa tana shiga ta ƙarƙashin ƙofa.

Labarin dai bai wuce wannan ba: shekara uku ya yi yana gola a ƙungiyar kwalejin horar da malamai da ya yi a gida. A wasan ƙarshe na gasar kwalejoji aka ba abokan karawarsu fenariti ana dab da tashi, ya daka tsalle ya ture ƙwallon da yatsu biyu, aka ɗauke shi a kafaɗa har ɗakin cin abinci. Lokacin da yake neman aurena, 'yan kallo fili kawai suka cika. Zuwa watan farko na kulle har kan bishiyoyi akwai mutane, kuma wani mai farautar 'yan wasa ya taso daga Legas takanas dominsa, gwiwa ce ta hana shi tafiya. Gwiwar nan ban taɓa ganin ta motsa ba sai ranar da lif ta lalace kuma akwai buhun shinkafa a ƙasa.

Yaran ba su yarda ba. Babbar, wadda a nan ta yi wayo, ta dubi tumbinsa ta tambaye shi da Turanci ko akwai hoto. Babu hoto. Ya ce a zamaninsu mai hoto sai ranar yaye ɗalibai yake zuwa. Ta ce, "Boleh lah, Baba," wato ta ji, irin jin da ake yi wa mai talla, ta koma kan wayarta. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Mutumin da malaminsa zai cika masa babi guda da jan biro ya kwana lafiya, sai ga shi ya kasa cin abinci. Daga ranar ba shi da wani buri sai a samu mutum ɗaya daga kwalejin nan ya faɗa a gaban 'ya'yansa cewa ubansu gola ne.

Ya nemo zauren tsofaffin ɗalibai na waya, inda ba a komai sai ta'aziyya da tura maganin korona na tafarnuwa da lemon tsami. Ya aika musu doguwar murya, ya ce filin nan shi ya raine su, lokaci ya yi da za a saka masa, shi ya ɗauki nauyin raga biyu da rigunan 'yan wasa. Kafin la'asar sun naɗa shi Kyaftin. A irin wannan zaure duk wanda ya ce zai kawo abu ba ya rasa sarauta, shi kuma bai ce a'a ba.

Da aka ɗan sassauta kulle na aike shi kasuwar unguwar Masjid India ya sayo mini yadin hijabi. Ya dawo da takunkumi a haɓa, niƙi-niƙi da ledojin riguna masu ruwan ɗorawa, ya manta da yadin, amma bai manta ya yo mini tapau, wato ƙunshin abincin sayarwa, na soyayyar taliya don toshe baki ba. Ragar kuwa da aka kawo, ya shimfiɗa ta daga taga har bakin kicin, wai yana duba ko ta huje, abin da gaba ɗayansa huji ne. Kwana uku muna tsallake ta kafin mu kai ga firij.

Wani ɗalibi da ya gama karatu ya samu jirgin komawa gida, ya ce zai ɗaukar mana jaka ɗaya. Na riga na haɗa wa mahaifiyata mayafai da man zafi na ciwon ƙafa. Raga ta cinye jakar tas. Kwana biyu ta bakin yara nake yi masa magana.

Aka sa ranar miƙa kaya ta kiran bidiyo, hantsi a can, bayan la'asar a nan. Sharaɗi biyu ya kafa: a yi bikin a tsakiyar fili, kuma a ɗauko tsohon malaminsu na wasanni, wanda ya daɗe da yin ritaya. Shugaban tsofaffin ɗalibai ya yi ta cewa ofis ya fi inuwa, maigida ya kafe. Ranar ya sha babbar riga, ya zaunar da yara dama da hagu, ni ina tsaye a bayan kujera.

Shugaba ya ɗauki waya ya nufi fili, muna ganin takalmansa, sannan ya ɗaga. Masara ce, ta fi mutum tsawo, kore shar daga wannan turken raga zuwa wancan. Ashe da aka rufe makarantu damina ta sauka, ma'aikata suka raba filin, kowa ya ja kunyoyinsa. Ni 'yar malamin makaranta ce, ya kamata in san babu malamin da zai ga fili kwance da damina ya wuce. Turakun suna nan, kabewa ta naɗe su har sama. Shugaba ya ce in Allah ya kai mu kaka za a ɗaura ragar, wani kuma daga gefe ya tambaya ko za a ba shi aronta kafin nan, awaki sun dame shi. Sai da na shiga kicin na toshe baki da gefen mayafi.

Da na dawo an kawo tsohon. Ya matso da wayar har ba ma ganin komai sai hancinsa da bakin hula. Shugaba ya ce masa ga golansa nan daga Malesiya. Maigida ya gyara zama, ya dafa kafaɗar babbar.

"Na gane shi sarai," in ji tsohon. "Ai wannan ɗan albarka ne. Shekara uku bai taɓa fashin atisaye ba. Shi ke ɗauko ƙwallaye daga sito, shi ke wanke riguna. Sau ɗaya na sa shi a wasa, ranar da golanmu ya kwanta zazzaɓi."

Shugaba ya so ya gyara, ya tuna masa da fenaritin.

Tsohon ya ce, "An buga, ta bi ta sama can. Amma ya yi tsalle. Wallahi ya yi tsalle."

Ya ƙara da cewa duk waɗanda ya riƙa sawa a wasa, har yau babu wanda ya aiko wa kwalejin ko usur, ya yi ta sa wa maigida albarka. Maigida ya amsa da amin, ya tambayi jikin tsohon, ya roƙa a ajiye ragar inda ɓera ba zai kai ba. Babbar tana ta kallon yatsun ƙafarta. Da aka kashe waya ya tuɓe babbar rigar ya ninke ta da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

Tun da aka kawo ni gidansa nake jiran ranar da wani zai sace masa iska. Da ranar ta zo, haushin tsohon nan na ji har wuya, bawan Allah da bai faɗi komai ba sai gaskiya da addu'a. Labarin ya mutu daga ranar. Aka sake sa kulle, muka yi shi shiru, shi da littattafansa, yara da wayoyinsu, kuma ban ji daɗin shirun ba ko kaɗan.

Wata safiya muna shan shayi na kasa daurewa, na ce ya ba ni labarin yadda ya ture ƙwallon nan da yatsu biyu. Ya ɗago ya dube ni, babu fushi a fuskarsa.

"Maman yara, ai kin ji yadda aka yi," ya ce, ya ci gaba da juya shayinsa.