Gefen Gurasar Malam Uzairu

A unguwar Utaibiyya ta Makka, in ka tambayi gidan Malam Uzairu mai tura keken alhazai, sai a yi ta kame-kame. Amma ka ce gidan sobiyar Rahmatu, ko makaho zai kai ka ƙofa. Sobiya ita ce farin abin shan nan mai sanyi da ake jiƙawa ya ɗan yi tsami, wanda mutanen Makka ba sa jin sun sha ruwan azumi sai da shi. Duk Ramadan, Rahmatu matarsa takan cika robobi, maƙwabta su kawo gorunansu ta zuba musu kyauta. Shi kuwa Malam, Bakano ne da ya zo Hajji da ƙuruciya ya maƙale. Nasa aikin sha da yabo, don ko ruwan shayi bai taɓa ɗorawa ba.

Da Allah ya karɓi Rahmatu, azumi kuma ya gabato, abu ɗaya ya hana shi sukuni: kada a buga ƙofa ranar farko ya ce babu. Gani yake ranar da aka daina kawo goruna, ranar layin zai fara manta ta.

Sai ya nufi aminiyarta, Hajiya Maiturare, neman shawara. Ta ce akwai ta sha'ir, akwai ta zabibi, akwai kuma ta busasshiyar gurasa, wadda ita ce daidai da ɗan koyo don ba ta da wuyar sha'ani. Malam ya ɓata rai. Shi da yake son tsare sunan matarsa, a ce ya fara da gurasar jiya? Ya je kasuwar Zahir ya zaɓo sha'ir mai kyau, ya daka, ya jiƙa da kirfa da sukari, ya rufe. Da yake kuma a ganinsa jiƙo kamar daddawa ne, daɗewa ke ƙara masa daraja, sai ya bar shi cikin zafin Makka har ya gaji da zama.

Ranar da ya buɗe, kumfa ta taso, wani wari ya daki hancinsa. Ya ja da baya yana istigfari. Mutumin da ya tsufa a hidimar Harami, ga shi saura ƙiris ya haɗa giya a ɗakinsa, ana jiran ganin wata. Ya tuntsurar da robar a magudana, ya wanke ta har hannunsa ya yi fari, ya koma wurin Maiturare ya ba ta labari.

Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta tambaye shi yaya yake yi da gefen tamis, gurasar da yake karin kumallo da ita. Ya ce shi tun fil azal tsakiya yake yaga ya ci, gefen ya yi wa haƙoransa tauri. A faranti yake barinsa, inda yake tafiya kuma oho.

"Malam, Rahmatu ba ta taɓa sayen sha'ir ba," in ji ta. "Gefen nan da kake ragewa take shanyawa a saman gida, ta tara. Takan ce da ragowar maigidanta take shayar da layi."

Malam ya miƙe. Ya hau saman gidan yana dafa gwiwa, ya duba bayan tankin ruwa. Ga buhu a ɗaure da irin ƙullin nan nata mai wuyar kwancewa, cike da gefen gurasa, ƙamas. Ya zauna kusa da shi ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Wannan karon ya bi faɗar Maiturare sau da ƙafa: jiƙo kaɗan, da ya fara tsami a tace, a kai firji.

Ranar farko da la'asar aka buga ƙofa, ya cika wa kowa gorarsa har baki. Bayan magariba maƙwabcinsa Luƙman ya tare shi a ƙofar masallaci, ya ce wallahi sai ka ce ta marigayiya.

"Tata ce," in ji Malam Uzairu. "Ni jiƙawa kawai na yi."