Anti Luba mai kitso da akuyar Iya Tumba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina cikin shara labari ya iso gidanmu: Anti Luba mai kitso ta rasu a asibiti a Ƙaura. Kwana uku ta yi a kwance.

Da wayar yayata nake rubutu. Ban saba ba, ku yi min haƙuri.

Tun ina aji uku ita ke yi min kitso. Mu 'yan matan unguwarmu a Dauran, ba kitson kaɗai ke kai mu gidanta ba. Har da labarin Sahura.

Sahura ba mutum ba ce ta gaske, Anti ce ta ƙirƙiro ta. Yarinya ce da babanta ya kwanta ciwo, ta karɓi jakinsa tana kai gero kasuwar Shinkafi ita kaɗai. Masu awo suka ce ta lotsa gindin tiyarta don tauye awo kamar kowa, ta ƙi. Gulbi ya cika, maza suka juya, ita ta ja jakinta ta haye.

Ba abin da nake so kamar in zama Sahura.

Anti ba ta ba da labarin sai kanki yana cinyarta. Tana gama kitso sai ta yi shiru, ko da Sahura na tsakiyar ruwa. Kowaccenmu da inda nata ya tsaya, kuma ba ta taɓa mancewa.

Ni ban iya kallon mutum in yi magana. Amma a kitso kai a sunkuye yake, ba mai ganin idonki. Nan kaɗai bakina ke buɗewa. "Hajiya Shiru" take ce min. In ta ja gashi da zafi ba na faɗa, sai ta ga na danƙe yatsun ƙafa ta sassauta.

Ganinmu na ƙarshe ranar Juma'a ne.

Tun da mai unguwa ya sa aka yi shelar ɗaure dabbobi saboda damina, ɗaurin akuyarmu aikina ne. Kwana biyu kafin Juma'ar na yi ɗaurin sakaci, ta kwance ta shiga gonar Malam Sani ta cinye masa wake. Na janyo ta, ba wanda ya gani. Washegari aka ga sawu, aka ce akuyar Iya Tumba ce, tsohuwar da gidanta ke bakin gonar. Aka kai ta gidan mai unguwa aka ɗaure, wai ran kasuwa za a sayar. Ita ke nan gare ta.

Ranar Juma'ar, tana min kitso, na faɗa wa Anti duka. Hannunta bai tsaya ba.

Na ce, "Anti, da Sahura ce mi za ta yi?"

Ta ce, "Ke kin hi ni sanin Sahura. Juyo min kanki." Can kuma ta ce, "Ita ma hwa tsoro take ji. Cikin tsoron take magana, ban dai gaya muku ba ne."

Na koma gida, har safiyar yau ban faɗa wa kowa ba. Ga shi gobe ce kasuwa.

Ɗazu na samu Baba a zaure yana jiran a kawo gawa. Na durƙusa na ce, "Baba, tamu ce ta ci waken." Bai ji ba, sai da na maimaita.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar."

Ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ɗauko hijabinki. Da bakinki za ki hwaɗa gaban mai unguwa."

Na je na faɗa. Mutum biyar ne a wurin, ban ɗaga kai ba, amma sun ji. Aka kwance ta Iya, aka ɗaure tamu a turken.

Ni na ja mata ita har gida. Ta karɓi igiyar, ta shafa bayan akuyar, ta ce, "Kwana shida, ɗiyar nan?" Na ce ta yafe min. Ta ce sai ta huce.

Allah ya jiƙan Anti Lubabatu, ya yafe mata, ya sa kabarinta ya yi sanyi, ya raya 'ya'yanta biyu. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ko ƙulhuwallahu uku. Ni ma ku roƙa min Iya Tumba ta huce.